Bayani a Kan Hubusi da Gidajen Jinya na Musulmin Dā

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, a wannan shafi mai littafin ya ambaci hubusi, bai tsawaita ba. Ka sani, ya kai ɗalibi, hubusi shi ne wakafi a harshen malaman Malikiyya: mutum ya tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gādo, amfaninta kuwa ya tafi ga alheri. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce ta Khaibara. Risala da Mukhtasar duk sun kawo hukuncinsa, kuma sharaɗi ne abin ya fita daga hannun mai shi kafin ya mutu ko bashi ya cinye dukiyarsa. In ba haka ba, ya ɓaci.

Da wannan aka riƙe gidajen jinya da ake kira bimaristan. Nuruddin Zangi ya gina nasa a Dimashƙa a 1154. Sarki Ƙalawun ya gina na Alƙahira a 1284, ya ɗaura masa kantuna da gidajen haya da gonaki. Daga kuɗinsu ake biyan likitoci, a sayi magani da abinci da shimfiɗa. Takardar wakafin ta haɗa mawadaci da matalauci, ɗa da bawa, namiji da mace, har ta tanadi likkafani ga wanda ya cika a can. Usmaniyawa suka bi wannan sawu: masallacin Sulaimaniyya na Istanbul, da aka gama a 1557, yana da gidan jinya a harabarsa.

A ƙasar Hausa wata hanya aka bi. Zakka da baitulmali da sadakar attajirai su suka ɗauki nauyin raunana, aka naɗa wa makafi da kutare sarakunansu. Baturen Birtaniya Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya tarar da unguwar makafi daban, suna samun wani kaso daga sarki, suna kuma bara a kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da na ciwon ido.

To, lura da bambancin. Zakka tana da masu cinta guda 8 da Suratut Tauba ta ƙayyade, ana raba ta ta ƙare. Sadakar sarki tana bin ran sarki. Hubusi kuwa gona ce mai ba da amfani kowace damina, ko mai ita ya daɗe a kabari. Rauninsa biyu ne: naziri maciyin amana, da mai mulki mai kwaɗayi, kamar yadda Muhammadu Ali ya karɓe gonakin wakafi a Masar a farkon ƙarni na 19.

Yau a nan Bengu, mutum kan sayar da akuya ko hatsin gidansa kafin ya kai majinyacinsa Gaya ko Doso. Da masu hali za su tsare garka ɗaya a fadama, a rubuta takarda gaban shaidu, a naɗa amintaccen naziri mai karanta lissafi a masallaci kowace shekara, da kuɗin maganin wasu ya samu. Allah ne mafi sani.