Jarumi da Jama'arsa a Tarihin Damben Ƙasar Mafara

Ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, wadda take ƙarƙashin Sakkwato har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, tana cikin wuraren da dambe ya daɗe da kafuwa. Wanda ya kalli fage zai ɗauka wasan mutum ɗaya ne, gama mutum biyu kaɗai ke tsayawa, wanda aka kayar kuma shi kaɗai ke shan ƙasa. Amma tarihin wasan ya nuna jarumi bai taɓa shiga fage shi kaɗai ba.

Asalin dambe na mahauta ne. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, samarinsu kan yi ayari su bi gari gari tare da makaɗansu, su kara da na garin da suka sauka. Saboda haka nasara ta gari ce, kunya ma ta gari ce. Kalmomin wasan kuwa na yaƙi ne: hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan garkuwa, kayar da abokin karawa kuma kisa. Yaƙi kuwa aikin runduna ne.

Sunayen 'yan dambe ma shaida ne. Yaro kan tashi a hannun ubangida, a kira shi Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Autan wane, ya riƙa ɗaukar sunan wanda ya hore shi duk inda ya sa zare. Da dambe ya koma birane, aka gina masa gidaje ana biyan kuɗin shiga, sai ɓangarori irin su Arewa da Kudu da Guramaɗa suka maye gurbin gari.

Duk da haka, waƙa ta fi son mutum ɗaya. Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya ɗaukaka Shago har sunansa ya zama laƙabin da 'yan baya ke ara, karawarsa da Ɗandunawa kuma ta zauna a zukatan waɗanda ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. Sai dai makaɗin shi ma da jama'arsa yake tafe. Misalin wannan a fili yake ga Musa Ɗanƙwairo, haifaffen ƙasar Bakura, makaɗin fadar Maradun, wanda ya rasu a 1991. Ko da yake ba makaɗin dambe ba ne, waƙoƙinsa sun nuna yadda 'yan amshi ke karɓar ɗan waƙa daga bakin jagora su ƙarasa shi, har a kasa rabe aikinsa da nasu.

Abin da ke gaban manazarta shi ne, faifai da kaset sun adana sunan jarumi da na jagora, suka bar masu horo da makaɗan kalangu da 'yan amshi a bakin dattawa. Dattawan nan kuwa suna ƙarewa. Muddin ba a je Mafara da Bakura da Maradun an tattara abin da suka sani ba, tarihin dambe zai zama jerin sunayen zakaru kurum.