Imani da Tsoron Mutuwa: Abin da Ya Fitar da Imam Gazali daga Bagadaza

Akwai wata da'awa wadda ta yi ƙarfi a tsakanin masanan Turai na zamanin nan, wadda Sigmund Freud, likitan ƙasar Ostiriya, ya shimfiɗa ta cikin wani littafi da ya wallafa a shekarar 1927, cewa imani da Allah da ranar Lahira magani ne da ɗan Adam ya haɗa wa kansa domin ya sami barci, tun da ya san kabari yana jiransa kuma ba shi da dabarar kauce masa. Ba za a ce babu ƙanshin gaskiya cikin wannan magana ba, gama duk wanda ya zauna zaman makoki ya ga yadda ambaton Allah yake sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma ni a ganina masu da'awar sun ɗauki al'amarin a juye, kuma ban san shaidar da ta fi ƙarfi a kansu ba irin abin da ya sami Hujjatul Islam, Abu Hamid Gazali, Allah Ya yi masa rahama.

An haife shi a Ɗus ta ƙasar Hurasan a shekarar 450 ta Hijira, wato 1058 Miladiyya, ya yi karatu a Naisaburi gaban Imamul Haramaini Juwaini, sa'an nan a 1091 waziri Nizamul Mulki ya ɗora shi bisa kujerar karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda babu kujerar ilmi da ta fi ta daraja a daular Saljuƙawa. Almajirai wajen 300 suke zama gabansa, fadar halifa tana neman fatawarsa, alhali bai daɗe da wuce shekara talatin ba. Cikin watan Rajab na 488, wato 1095, sai harshensa ya ƙulle, har ya zamana in ya zauna domin ya ba da darasi ba ya iya furta ko kalma guda. Daga nan abinci ya daina narkewa a cikinsa, jiki ya raunana, likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma ba shi da magani sai an kawar da damuwar da ke cikinta. Wata shida ya yi cikin wannan hali, tukuna ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya bar kujerar ga ƙanensa Ahmad, ya fita yana nuna wa jama'a Makka za shi, alhali Sham ya nufa.

Abin lura shi ne dalilin da ya bayar da kansa cikin littafinsa Al-Munƙizu minal Dalal. A wannan lokaci ba shakkar samuwar Allah ce ta dame shi ba, domin ya faɗa cewa imani da Allah da annabci da ranar ƙarshe ya riga ya kafu a zuciyarsa. Ayyukansa ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ga mafi kyawunsu shi ne karantarwa, sa'an nan ya binciki niyyarsa cikin karantarwar, ya iske neman girma da yaɗuwar suna ne suke tura shi, ba neman yardar Allah ba. Da ya gane haka sai ya ga kansa tsaye a bakin wuta, ga ajali yana ƙaratowa, ga guzuri babu. To, da imani maganin barci ne, da mutumin da ya fi kowa sanin hujjojinsa a zamaninsa ya fi kowa barci. Sai ga shi imanin ne ya hana shi ci da magana.

Hasali ma, wanda yake neman kwanciyar rai kurum, akwai hanyar da ta fi imani araha, kuma ta girmi Musulunci da kusan shekara dubu. Abiƙur, masanin falsafar Yunanawa wanda ya rasu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa, ya koya wa almajiransa cewa mutuwa ba abar tsoro ba ce, domin muddin mutum yana raye ba ta zo ba, in kuwa ta zo babu sauran mutumin da zai ji ta. A wannan mazhaba babu tambayar kabari, babu mizani, babu ranar da wanda aka zalunta zai riƙe wuyan rigar wanda ya zalunce shi. Azzalumi da ya ci dukiyar marayu ba zai sami bushara da ta fi wannan daɗi ba. Imani kuwa yana ɗauke wa mutum tsoron ɓacewa, amma yana aza masa wani tsoro da ya fi shi nauyi, wato tsoron hisabi, kuma da wuya hankali ya karɓi cewa mai neman sauƙi ne ya ƙirƙira wa kansa wannan.

Daga nan ne ma'anar rayuwa take fitowa a wurin Gazali, domin aikin da za a tambayi mutum a kansa aiki ne mai nauyi, komai ƙanƙantarsa, ko da awon hatsi ne a kasuwa ko kalmar da aka faɗa wa maƙwabci. Shi ya sa da ya zauna rubuta Ihya'u Ulumid Din, ya kasa shi kashi huɗu, ibadu da al'adu da masu halakarwa da masu tsirarwa, kowane kashi littafi goma, har ya shigar da ladubban cin abinci da aure da neman halal da tafiya, sa'an nan ya ajiye ambaton mutuwa a littafi na 40, inda sauran duka suke gangarowa. A can ya rarrabe mutane: wanda ya nutse cikin duniya yana ƙin jin zancen mutuwa don za ta raba shi da abin da yake so, mai tuba yana tsoron ta riske shi kafin tubarsa ta cika, masanin Allah yana ɗokinta domin ita ce ranar saduwa, sama da su duka akwai wanda ya bar zaɓi ga Ubangijinsa, bai fifita rai ko mutuwa ba. Tsoro iri ɗaya ne a idon mai kallo tsakanin na farko da na biyu, amma ɗaya yana kuka ne a kan abin da zai bari, ɗayan a kan abin da zai tarar.

Waɗansu masu nazarin tarihi sun ce tsoron wuƙa ne ya fitar da shi, ba tsoron Allah ba, tun da an kashe Nizamul Mulki a 1092, kisan da aka danganta ga ƙungiyar Baɗiniyya, Sarkin Saljuƙawa Malikshah shi ma ya rasu bayan 'yan makonni, daula ta rikice, shi kuwa Gazali ya rubuta raddi a kan Baɗiniyyar da umarnin Halifa Mustazhir. Ba na musun cewa mutumin da ya ga manyan da suka ɗaukaka shi sun faɗi cikin 'yan makonni zai ji sanyi a jikinsa, kuma mai yiwuwa wannan ne ya sa ya fara ƙidayar kwanakinsa. Sai dai mai gudun makasa mafaka yake nema a wata fada, shi kuwa halwa ya shiga a masallacin Banu Umayya na Dimashƙu, ya wuce Baitul Muƙaddas, ya tsaya a kabarin Annabi Ibrahim ya ɗauki alkawari cewa ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai sake shiga munazara, wato muhawarar malamai, ba. Waɗannan uku su ne ƙofofin girman da ya zargi kansa da nema.

Akwai sukar da ta fi wannan nauyi, kuma ta shafe mu, mu da muka tashi muna jin waƙoƙin wa'azi irin su Gangar Wa'azu, muna jin masu wa'azi suna siffanta azabar kabari har gashin jiki ya tashi: tsoro yana iya yin yawa har ya karya zuciya, ya kai bawa ga yanke ƙauna daga rahamar Allah, wanda shi kansa zunubi ne babba. Gazali bai jahilci wannan ba, domin ya haɗa tsoro da kyautata zato cikin littafi guda, ya kamanta tsoro da bulalar da ake kora dabba da ita, wadda in ta yi laushi ba ta motsa komai, in ta wuce kima ta kashe abin hawan. Har ya ce wanda yake kan gadon ajali, kwaɗayin rahama ne ya fi dacewa da shi, tun da lokacin aiki ya ƙare masa. Mai wa'azin da ya ɗauki rabin wannan koyarwa ya bar rabi, ba da Ihya'u yake aiki ba, ko da ya haddace shi.

Shi kansa bai dawwama cikin halwa ba. A shekarar 499, wato 1106, bayan Fahrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa, kuma ya shawarci waɗansu masu tsarkin zuciya, ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisaburi, yana mai bayyana cewa a da ilmin da ake samun girma da shi yake yaɗawa, yanzu kuwa ilmin da ake barin girma da shi. Daga baya ya koma Ɗus, inda yake da makaranta da zawiyar sufaye kusa da gidansa, yana raba lokacinsa tsakanin almajirai da karatun Alƙur'ani da nazarin hadisi, har ya rasu cikin Jimada Sani ta 505, wato 1111.