Masanan da ke gano mamaci daga ƙasusuwansa

Lokacin da mulkin soja ya kawo ƙarshe a Ajantina a 1983, dubban iyalai ba su san inda 'yan uwansu da jami'an tsaro suka sace suke ba.

Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta lissafa mutane kusan 9,000 da suka ɓata, amma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce adadin ya kai 30,000.

An binne da yawa daga cikinsu a kaburburan da ba suna. Tonon farko da aka yi da manyan motocin haƙa ya kakkarya ƙasusuwa ya cakuɗa su, shaida ta lalace.

Horar da ɗalibai

A 1984 ne wani masani ɗan Amurka, Clyde Snow, ya isa ƙasar. Da yake iyalai ba su amince da likitocin hukuma da suka yi aiki a zamanin soja ba, sai ya tara wasu 'yan ɗaliban jami'a ya horar da su a bakin kabari.

Ya koya musu tono da ƙaramin cebur da burushi, tamkar masu binciken kayan tarihi, tare da rubuta inda aka samu kowane ƙashi da kowane harsashi.

Ƙashin ƙugu kan nuna ko mamacin namiji ne ko mace, haƙora da gaɓoɓi su nuna shekarunsa, ƙashin cinya kuma tsawonsa. Tsohuwar karayar da ta warke ma shaida ce, muddin dangi sun tuna da ita. Daga baya ne aka soma gwada ƙwayoyin halitta na DNA da jinin dangi.

A 1985 Mista Snow ya ba da shaida a shari'ar tsofaffin shugabannin sojan ƙasar.

Har zuwa Chadi

Ɗaliban nan su ne suka kafa ƙungiyar EAAF, wadda ta taimaka wajen gano gawar Che Guevara a Bolibiya a 1997.

Masananta sun kuma tono kaburbura a Chadi, domin kotun musamman da ke Dakar, wadda a 2016 ta yanke wa tsohon shugaba Hissene Habre hukuncin ɗaurin rai da rai.

Mista Snow ya rasu a 2014.