Rumfar Agnes: Yadda Kasuwa Ta 'Yantar da Mai Zanen Nuremberg

A ranar 26 ga watan Agusta na shekarar 1509, Albrecht Dürer, mai zane na birnin Nuremberg a ƙasar Jamus ta yau, ya rubuta wa Jakob Heller, wani attajirin ɗan kasuwar yadi na Frankfurt, wasiƙar da ƙorafi ya fi godiya yawa a cikinta. Heller ya ba shi aikin wani babban zanen fenti da za a kafa a majami'a. Da farko sun shirya a kan gulden 130, wato kuɗin zinariya na wancan zamani, sai aka yi ta ja-in-ja ta wasiƙa har aka tsaya a 200. Duk da ƙarin, Dürer yana ganin an ci da guminsa. Ya kwashe fiye da shekara guda yana durƙushe a kan aikin, ya kuma kashe kuɗi wajen sayen wani shuɗin launi mai tsada da ake niƙowa daga dutsen da ake haƙa a Afganistan. Don haka ya shaida wa Heller cewa zai koma wa zanen da ake bugawa a takarda, kuma da tun farko a can ya tsaya, da yanzu dukiyarsa ta ƙaru da gulden 1,000.

Ba ƙaramar magana ba ce a bakin mai sana'ar hannu. A Turai ta wancan lokaci mai zane yana ci ne daga hannun majami'a, ko sarki, ko attajiri. Su ke faɗin abin da za a zana, da girmansa, da ranar da za a gama, wani lokaci har da launin da za a yi amfani da shi. Kafin mutum ya dubi irin waɗannan ya nuna musu cewa ba da kuɗinsu yake rayuwa ba, sai yana da wata madogara. Madogarar Dürer rumfa ce a kasuwa, kuma ba shi ke zama a cikinta ba.

An haife shi a 1471. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne da ya yi ƙaura daga Hangari, a wurinsa kuma ya fara koyon sarrafa ƙarfe kafin a kai shi almajiranci gidan Michael Wolgemut a 1486. Gidan Wolgemut ne ya yi zane-zanen babban littafin tarihin duniya da aka buga a Nuremberg a 1493, wanda ya buga littafin kuwa shi ne Anton Koberger, mai ɗaya daga cikin manyan maɗaba'un Turai, mutumin da ya tsaya wa Dürer a matsayin uba ranar baftisma. Garin ma ya taimaka. Tun 1390 ake yin takarda a bakin Nuremberg, ga hanyoyin fatauci sun haɗa shi da Italiya da Holan da gabashin Turai. Bayan boren masu sana'a na 1348 zuwa 1349, majalisar attajiran da ke mulkin garin ta hana ƙungiyoyin sana'a masu cin gashin kansu, saboda haka babu wani sarkin sana'a da zai ƙayyade wa mai zane farashi. Babu kuma wanda zai tsaya masa idan an cuce shi.

Hanyoyin bugun biyu ne. A ta farko ana zana siffa a kan katako mai santsi, a sassaƙe duk inda ba zane, a bar layuka a tsaye, a shafa musu tawada, a danna takarda, kamar dai yadda hatimi ke aiki. Ta biyu akasin haka ce: da wani ƙarfe mai kaifi ake yanka layukan a jikin farantin jan ƙarfe, a cusa tawada a cikin tsagogin, a goge saman, sannan a matse takarda mai laima har ta zuƙo tawadar. A nan tarbiyyar maƙera ta yi wa Dürer rana. Kuma duk da ana ce masa bugu, aikin hannu ne daga farko har ƙarshe, domin kowace takarda sai an shafa mata tawada an matse ta ita kaɗai.

Lissafin da ke cikin wasiƙar Heller daga nan ya fito. Zanen fenti sa ne na yanka, sau ɗaya ake cin namansa, ya tafi gidan mutum ɗaya. Katako da farantin ƙarfe kuwa shanun tatsa ne. Suna nan a gida, ana buga ɗaruruwan takardu daga jikinsu, idan kaya sun ƙare a sake bugawa bayan shekara goma. Mai saye ba sai sarki ba: malamin makaranta, limamin ƙauye, maƙeri mai neman samfurin ado, kowa na iya sayen takarda ɗaya ya manna a bango ko a cikin littafi.

A 1498 Dürer ya gwada wannan lissafi da gaske. Shekarar 1500 na ƙaratowa, jama'a da yawa suna fargabar tashin duniya, ga annoba tana kai-komo. Sai ya fitar da littafin Ru'ya ta Yohanna da manyan zane-zane 15, cikinsu har da mahaya dawakin nan huɗu masu tattake mutane, bugu ɗaya da Latin, ɗaya da Jamusanci. Babu wanda ya ba shi aikin, babu wanda ya zuba masa jari. Shi ya zana, shi ya ɗauki nauyin bugawa, sunansa ne a ƙarshen littafin a matsayin mai ɗab'i, riba da asara duka nasa. Masana tarihin zane suna ɗaukar wannan a matsayin littafi na farko da mai zane ya tsara ya kuma wallafa da kansa. Yana da shekara 27 a lokacin.

Amma buga kaya daban, sayar da su daban. Tun 1497 ya ƙulla yarjejeniya da dillalai masu yawo gari-gari da takardunsa. Harkar tana da hatsari. Shi da kansa ya rubuta cewa wani wakilinsa ya mutu a Rum, kayan suka salwanta. Waɗanda ya fi dogara da su mata biyu ne na cikin gidansa. Ɗaya mahaifiyarsa ce, Barbara, wadda ta haifi 'ya'ya 18, uku kacal suka girma. Bayan rasuwar mijinta a 1502 ta koma gidan ɗanta, ta kuma riƙa sayar da zanensa a kasuwar gari. Ɗayar matarsa ce, Agnes Frey, wadda ya aura a 1494, ta zo masa da dukiyar aure ta gulden 200. Ba su haihu ba. Agnes ce ke kasa kaya a kasuwar Nuremberg, ita ce kuma ke ɗaukar su zuwa manyan kasuwannin baje koli irin na Frankfurt, inda masu sayar da littattafai daga ƙasashe da dama ke haɗuwa.

Wasiƙun da ya aiko daga Venis a 1506 sun nuna yadda aka raba aikin. Shi yana can yana zana wa 'yan kasuwar Jamus babban zane, yana jin daɗin yadda ake girmama shi, har yana faɗa wa abokinsa Willibald Pirckheimer cewa a Venis babban mutum ne, a gida kuwa ɗan cin arziki. Agnes tana Frankfurt. Ita kuma tsohuwa, ya aika a gaya mata kada ta bari kasuwar bayan Ista ta wuce ba a kasa kaya ba. A wancan zamani wannan kasuwa tana ci ne sau ɗaya a shekara, ranar da ake fito da kayan sarautar daular da kayan tarihi na addini, waɗanda aka kawo ajiya Nuremberg a 1424, a nuna wa dubban baƙi. Mutumin da ake yi wa kirari a Italiya bai manta da ranar cin kasuwa a gida ba, domin da rance ya yi tafiyar, kuma daga rumfar za a biya.

Kayan da suka karɓu ba sa rasa masu kwaikwayo. Dürer yana sa tambarinsa a kowane aiki, babban harafin A da ƙaramin D a tsakanin ƙafafunsa, mai saye kuma da wannan alama yake gane na gaske. Wani gwanin Italiya, Marcantonio Raimondi, ya kwafe jerin zanensa na rayuwar Maryamu a kan jan ƙarfe, har da tambarin. Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zanen Italiya, ya ruwaito cewa Dürer ya kai ƙara gaban hukumar Venis, abin da ya samu kawai shi ne an hana Raimondi sa tambarin. A kwafe-kwafen da Raimondi ya yi daga baya, wurin tambarin a wofi yake. A 1511, da Dürer ya fitar da littattafansa na zane, ya rufe su da kashedi mai zafi ga ɓarayin aikin wasu, yana tuna musu cewa yana da takardar kariya daga babban sarki Maximilian, wanda Nuremberg ke ƙarƙashin daularsa. Bai hana ba. A watan Janairun 1512 sai ga wani baƙo yana sayar da jabun takardu masu tambarin AD a gindin ginin majalisar Nuremberg kanta. Majalisar ta umarce shi ya cire tambarin daga dukkansu, in ya ƙi a ƙwace kayan.

Hukuncin biyu iri ɗaya ne, kuma ga idon yau baƙon hukunci ne: a kwafi zanen, amma kada a taɓa sunan. Abin da hukuma ta gani a matsayin laifi shi ne yaudarar mai saye, kamar yadda za ta hukunta mai buga hatimin ƙarya a kan azurfa. Cewa siffar kanta mallakar wanda ya ƙirƙire ta ce, wannan bai shiga doka ba sai a 1735 a Ingila, lokacin da William Hogarth da abokan sana'arsa suka matsa wa majalisa lamba. Tsakanin baƙon Nuremberg da dokar Hogarth akwai shekara 223.

Cewa Dürer ya san abin da kasuwa ke so, karkandarsa ta isa shaida. A watan Mayun 1515 aka sauke karkanda a Lisbon, kyauta daga Indiya zuwa ga sarkin Fotigal, dabbar da Turai ta yi fiye da shekara dubu ba ta gani ba. Shi ma bai gan ta ba. Daga wata wasiƙa da ɗan zanen wani ya yi tasa, da fata kamar sulke da wani ɗan ƙaho a gadon baya wanda babu shi a jikin dabbar. Ya yi ta a katako, hanyar da ta fi arha da yawan bugu, aka yi ta sake buga ta har bayan mutuwarsa. Fiye da shekara 200 karkandar da ba ta taɓa rayuwa ba ita ce karkanda a littattafan Turawa.

Bai kamata a kambama 'yancin nasa fiye da kima ba. Bai taɓa juya wa manya baya ba, ya yi wa Maximilian aiki, a 1515 aka yanka masa albashin gulden 100 a shekara. Da sarkin ya mutu a 1519, neman a tabbatar masa da wannan albashi ne ya kai shi Holan da Beljiyam na yau a 1520, yana bin sabon sarki Charles na Biyar. Agnes da mai aikinsu suna tare da shi, da ɗaurin takardun zane. Littafin da ya riƙa rubutawa a tafiyar rabinsa littafin kanti ne: abin da ya sayar, abin da ya ba da kyauta, abin da ya yi musaya da shi, kuɗin abinci, har wanda ya yi asara a caca. Takardun sun zame masa kuɗi, da su yake saka wa masu masauki da masu yi masa hidima. Ya rubuta ranar da aka yanke wa Agnes jakar kuɗi a cikin majami'a a Antwerp, da gulden 2 a ciki. Ya rubuta cewa gimbiya Margaret, mai riƙon ƙasar, ba ta ba shi komai ba a kan abin da ya yi mata. An tabbatar masa da albashin, amma a lissafinsa ya dawo gida da asara, da kuma zazzaɓin da bai rabu da shi ba.

Ya rasu ranar 6 ga Afrilun 1528. An ƙiyasta abin da ya bari a kan gulden 6,874, dukiyar da ta sa shi cikin masu hannu da shuni na garin, ban da cewa tun 1509 ya sayi ƙaton gida a gindin ganuwa. Agnes ta ci gaba da harkar. A shekarar da ya mutu aka fitar da littafinsa kan ma'aunin jikin ɗan Adam, ita ce kuma ta riƙe haƙƙin bugunsa.

Sakayyar da ta samu daga tarihi ba mai daɗi ba ce. A 1530 Pirckheimer ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa yana cewa Agnes ce ta kashe mijinta da mita da son kuɗi, ta sa shi aiki dare da rana har ya bushe. Ƙarni bayan ƙarni marubuta suka ɗauki wannan magana suna maimaitawa, har ta zama abin da aka san matar da shi. Sai dai wanda ya karanta wasiƙar da kyau zai ga abin da ke cin mai ita. Dürer ya bar wasu ƙahonin barewar Turai masu rassa, Pirckheimer yana kwaɗayinsu, Agnes kuwa ta sayar da su ba tare da ta sanar da shi ba. Dattijo ne mai fama da ciwo, wanda ya rage masa 'yan makonni a duniya, yana jin haushin matar da ta yi abin da ta saba yi shekara talatin, wato sayar da kaya. Shaidar mutum ɗaya ce, mai ƙullaci kuma, amma shi ke da alƙalami da suna, ita kuwa ba a taras da wata amsa tata ba.

Agnes ta rasu a 1539. Babban zanen tsakiya na aikin Heller, wanda aka yi ta musayar wasiƙu a kansa, ya ƙone a wata gobara a Munich a 1729, sai kwafinsa ya rage. Takardun da aka sayar a rumfa kuwa suna nan a gidajen tarihi daga Landan zuwa Vienna zuwa New York. Gidan da ke gindin ganuwa yanzu gidan tarihi ne, kuma a cikin masu zagayawa da baƙi akwai 'yar wasan kwaikwayo mai shiga irin ta uwargidan ƙarni na 16, tana nuna musu ɗaki-ɗaki da sunan Agnes.