Hannun Da Ke Rawa Da Allon Da Ke Gogewa: Tarihin Ciwon Makyarkyata

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, tarihin wani ciwo da muke yawan gani amma ba mu cika rubuta shi daidai ba.

Duk mai bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi ya san Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Cikin masu zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a can, akwai dattawan da hannunsu ke rawa ko suna zaune, tafiyarsu ta koma jan ƙafa, fuskarsu ta daskare kamar ba su jin daɗin komai. A unguwa sai a ce tsufa ne, wasu su ce sammu ne ko shafar iska. Likitoci na kiran sa ciwon Parkinson, da Hausa kuma makyarkyata.

Sunan ya fito ne daga James Parkinson, wani likita a birnin Landan, wanda a 1817 ya wallafa ɗan littafi a kan mutum shida. Uku daga ciki ma a kan titi ya gan su. Ya kwatanta rawar hannu da sunkuyon baya da saurin taku kamar mutum zai kifa, sannan ya yanke cewa hankali da tunanin mai ciwon na nan lafiya lau. Bayan shekaru fiye da 50, Jean-Martin Charcot na Faransa ya ƙara bayani a kan sandarewar gaɓoɓi da nauyin motsi, shi ne kuma ya raɗa wa ciwon sunan Parkinson. Amma maganar farko ta zauna daram: ciwon jiki ne kawai.

A 1919 Konstantin Tretiakoff ya gano cewa wani ɗan baƙin yanki a can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa yana kodewa a masu ciwon. A ƙarshen shekarun 1950 Arvid Carlsson na Suwidin ya nuna cewa sinadarin dofamin ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana ya auna ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi ciwon, ya tarar dofamin ɗinsu ya ƙafe. Daga nan aka samu maganin lebodofa, wanda George Cotzias ya tabbatar da amfaninsa a 1967. Mutanen da suka daɗe a kwance suka miƙe.

To, a daidai lokacin wasu masana na bin wata hanya daban. A 1974 Alan Baddeley da Graham Hitch a Birtaniya suka fito da bayanin abin da za mu iya kira tunanin riƙon ƙwarya. Shi ne ke riƙe maka lambar waya daga lokacin da aka faɗa maka zuwa sanda ka danna ta. Shi ke riƙe lissafin canji a hannun ɗan adaidaita sahu, da ƙirgen raka'a a cikin salla, da farkon jimla har marubuci ya kai ƙarshenta. Kamar allon almajiri yake: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa. Kuma allon ƙarami ne, abu kaɗan yake ɗauka a lokaci guda.

Ina allon yake? A 1971 Joaquin Fuster ya ga ƙwayoyin gaban ƙwaƙwalwar biri, wato ɓangaren da ke bayan goshi, suna ci gaba da aiki a 'yan daƙiƙun da birin ke jiran ɗaukar abincin da aka ɓoye a gabansa. A 1979 Patricia Goldman da abokan aikinta suka rage dofamin a wannan ɓangare, sai biran suka kasa wannan ɗan riƙo. Nan hanyoyin biyu suka haɗu: sinadarin da ƙafa ke buƙata don takawa, shi allon ke buƙata don riƙe rubutu. Da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa ta samu a shekarun 1990, masu bincike a Jami'ar Kambirij suka nuna a 2003 cewa wasu masu ciwon, tun yana sabo, layin da ya haɗa gaban ƙwaƙwalwa da tsakiyarta yana yin sanyi idan aka ba su aikin riƙe haruffa da jujjuya su a ka.

Mu lura da kyau, wannan ba gigin tsufa ba ne. Mai makyarkyata zai iya ba ka labarin dalar gyaɗar Kano tiryan-tiryan, ya san 'ya'yansa da jikokinsa, amma idan aka aike shi da saƙo uku a jere, na tsakiya ya zame. Ba kowa abin ke samu ba, kuma ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba.

Mu ma a nan muna cikin tarihin. A shekarun 1980 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da tawagarsa suka bi gida-gida a garin Igbo-Ora suna ƙirga masu ciwon jijiyoyi, suka samu makyarkyata ba ta kai yawan ta baƙaƙen fatar wata gunduma a jihar Mississippi ta Amurka ba. Likitocin Kano sun wallafa nasu rahoton a 2012, inda maza suka fi mata yawa cikin waɗanda suka gani. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin ciwon ga 'yan asalin Afirka ta Yamma.

Me ya shafe mu? A littattafanmu, da zarar hannun Alhaji ya fara rawa, sai alƙalami ya nufi kishiya ko gidan boka. Mai karatu a Tarauni da mahaifinsa ke cikin wannan hali yana ɗaukar darasi daga gare mu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Idan mun nuna masa sammu, zai zargi matar uba, ya ƙarar da kuɗi a yawon karya asiri, alhali asibiti na bakin titinsu. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ciwon ba, amma akwai mai sassauta shi shekaru da dama. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba sa karo da juna.

Ga kuma ribar da ke ciki ga mai ƙirƙirar labari. Tsohon akawu da rubutunsa ke ƙanƙancewa har ya kasa karanta shi. Ɗan kasuwar da ya fara tsoron ba da canji, yana ɓoyewa kada yara su ƙwace shagon. Uban da iyalinsa ke zaton fushi yake da su, alhali fuskar ce ta daina biyayya ga zuciya. Parkinson da idonsa kawai ya tsaya a titi ya kalli mutane, abin da ya ɓace masa shi ne na cikin kai, wanda sai an zauna an saurara ake ganewa. Wannan kuwa sana'armu ce.

Ranar 11 ga Afrilu, ranar haihuwar Parkinson, ita ce ranar tunawa da ciwon a duniya. Wa zai gwada mana gajeren labari a kai, a nan ƙasa? Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.