Haraji, Jangali da Tunawa da Malam Aminu Kano a Ƙasar Ruma

Duk shekara a watan Afrilu ana taron tunawa da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidansa na Mambayya da ke Gwammaja ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa duk sunansa suke ɗauke da shi. Ya cancanci wannan karramawa. Sai dai wannan maƙala na ganin cewa gadon Malam ya fi bukatar a raya shi a wurare irin su Batsari da Safana na ƙasar Ruma, a jihar Katsina, fiye da zauren lacca na birni.

Dalilin yana cikin tarihin haraji. Tun kafuwar NEPU, jam'iyyar da Malam ya jagoranta, a 1950, kukan da jam'iyyar ta ɗauko shi ne na talakan da ake tatsa: manomi da haraji, makiyayi da jangali, ga aikin tilas da ɗauri a kotun alƙali ba tare da mai kare shi ba. Da PRP, jam'iyyarsa ta daga baya, ta ci zaɓen 1979 a jihohin Kano da Kaduna, gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, ba a ƙirƙiro ta ba sai 1987, don haka mutumin Ruma yana cikin waɗanda aka sauke wa wannan kaya.

Yau kayan ya dawo ta wata ƙofa. A ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, 'yan bindiga na ɗora wa manoma kuɗi kafin su shiga gonakinsu, wani lokaci kafin girbi, ga kuɗin fansa da ke cinye shanu da rumbu. Mai karɓar harajin ne ya sauya, mai biya kuwa shi ne dai talakan jiya.

Abin da ya fi muhimmanci a tunanin Malam shi ne yadda ya raba al'umma. Bai raba ta Bahaushe da Bafulatani ba, duk da shi kansa daga gidan malamai Fulani ya fito. Ya raba ta tsakanin mai zalunci da wanda ake zalunta. Shi ya sa haraji da jangali suka faɗi tare. Rikicin Ruma kuwa an bar shi ya sa rigar ƙabila, har makiyayin da aka sace wa garke da manomin da aka ƙone wa hatsi suke kallon juna a matsayin abokan gaba. Wannan babbar asara ce, kuma ba a cika jin ta a tarukan tunawa ba.

A Amurka, tun 1994 doka ta mayar da ranar tunawa da Martin Luther King ranar hidima ga jama'a. Mu ma muna da gayya tun kaka da kakanni. Ranar 17 ga Afrilu za ta iya zama ranar da ɗaliban jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma za su je su koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira a Batsari, lauyoyi su duba shari'ar waɗanda ke tsare ba hukunci, masu unguwanni da arɗaɗai kuma su zauna tabarma guda a kan burtali da mashaya kafin damina ta sauka.