Ƙugiyar da Ta Daɗe Tana Neman Masauki

"An ɗaura aure a Daura." Kowane ɗan Sandamu yana jin bambancin ɗaura da Daura a kunnensa, amma a kan takarda ƙugiya ɗaya tak ce ta raba su. Ƙugiyar nan ta sha fama kafin ta sami wurin zama a cikin na'ura.

A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko, yana nuna irin waɗannan sautuka da 'yar alama a gefen harafi. Sai a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka rungumi ɓ da ɗ da ƙ, kuma da su littattafan Zariya suka shiga makarantun Arewa.

Da kwamfuta ta zo, sai aikin ya koma baya. Kwamfuta da lamba take sanin harafi. Allon madannai yana aiki ne da wani jadawali da mai rubuta manhaja ke ware wa gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, inda aka haɗa kowane madanni da lambar harafinsa. Tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurabe 128 kawai ya tanada, daidai buƙatar Turanci. Ko da aka faɗaɗa zuwa bayit ɗaya cikakke, mai ɗaukar lambobi 256, haruffan Turai ne suka fi cin gajiyar ƙarin.

Sauƙi ya samu ne da tsarin Unicode a 1991. A cikinsa lambar ƙ ita ce 409, ta ɓ 595, ta ɗ kuwa 599. Dukkansu sun zarce abin da bayit ɗaya zai iya riƙewa, don haka a tsarin UTF-8 na 1992 kowannensu bayit biyu yake ci. Mai manhajar da ya yi rowar gurbi, ya ware bayit ɗaya ga kowane harafi, ya rufe wa Hausa ƙofa ko da bai yi niyya ba.

A yau gurbin ya samu, allon Hausa yana cikin wayoyinmu. Duk da haka katunan gayyatar ɗaurin aure da yawa suna fitowa babu ƙugiya, baƙi su zama baki, ƙafa ta zama kafa. Na'ura ta sauke nauyinta. Saura yatsun marubuci.